Yini Guda A Bayan Katangar Jami'a: Shawara Ga Ɗalibanmu Na Dutse Da Kewaye

  

A yau ina so ne in yi magana da ƙannena ɗalibai, musamman waɗanda Allah Ya kai su Jami'ar Tarayya ta Dutse, da 'yan uwansu na sauran manyan makarantun da ke Dutse da Birnin Kudu, a kan wani al'amari da yawancinmu muke ɗauka ƙarami, wato yadda ɗalibi zai yi da ranar Asabar ɗin da ba shi da lacca. Na san amsar da akasari za a ba ni: wanki, barci, kallon ƙwallo, sai kuma latse-latsen waya har dare ya raba. Babu laifi mutum ya huta, domin jiki ma yana da nasa haƙƙi. Sai dai shawarar da nake son bayarwa ita ce, a kowane zangon karatu ɗalibi ya ware ko da Asabar biyu ne, ya fita bayan katangar makaranta, ya je ya ga ƙasar da yake zaune a kanta.

Abin da ya sa wannan magana ta dame ni shi ne, a shekarun da na yi ina koyarwa a Islamiyya a nan Kwandiko, ɗalibaina da dama sun wuce jami'a, kuma idan sun dawo hutu sukan zo gaisuwa. Sau da yawa hira kan kai mu ga wuraren da suka sani. Sai ka ji yaro yana siffanta maka dogayen benayen Dubai da masallatan Istanbul kamar a can aka yanke masa cibi, alhali duk a waya ya gan su. Amma da zarar ka tambaye shi ko ya taɓa ganin zanen duwatsun Birnin Kudu, sai ya yi shiru, ga shi kuwa ta tsakiyar garin motarsa take bi duk lokacin da zai koma makaranta. Waɗannan yara su ne gobe za su zauna a ma'aikatun gona da na ruwa da na ilmi, su riƙa sa hannu a takardun da suka shafi garuruwan da ba su taɓa taka ƙafarsu a ciki ba. Wanda bai san wuri ba kuwa, da wuya ya ji zafinsa idan ana lalata shi.

Alƙur'ani mai girma ya maimaita umurni da yin tafiya a bayan ƙasa domin lura da yadda halitta ta fara da kuma yadda ƙarshen al'ummomin da suka shuɗe ya kasance, kamar yadda mai karatu zai gani a Suratul Ankabut da Suratur Rum. Magabata sun ɗauki wannan da muhimmanci, har tafiya neman ilmi ta zama wani fanni mai zaman kansa. Ibn Battuta ya bar garinsu Tanja a shekarar 1325, bai kammala yawonsa ba sai da ya taka ƙasar Mali da Takedda a wajajen 1353. Mu kam ba a nemi haka daga gare mu ba. Yini guda kawai nake roƙo, a fita bayan sallar asuba, a dawo kafin magariba.

Birnin Kudu da shanun da suka ɓace

Idan da za a ce in zaɓi wuri ɗaya tak, to Birnin Kudu zan zaɓa. Daga Dutse tafiyar ba ta wuce kimanin awa guda a motar haya. A cikin duwatsun da ke kewaye da garin akwai kogunan dutse da mutanen da suka riga mu suka yi zane a jikinsu, waɗanda suka fi shahara su ne Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu. Hankalin masana ya kai gare su ne a shekarun 1950, kuma cikin waɗanda suka yi rubutu a kansu akwai Bernard Fagg, Baturen Ingila wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. A yau wuraren suna cikin jerin kayan tarihi na ƙasa da doka ta kare, ƙarƙashin kulawar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda take da cibiya a garin domin yi wa baƙi bayani. Don haka wanda ya je, ya fara da wannan cibiya, ya nemi wanda zai yi masa jagora.

Yawancin abin da aka zana shanu ne. To amma ina so ɗalibi ya tsaya ya dube su da kyau, domin a nan darasin yake. Shanun da muka sani a yau a ƙasar Hausa, irin su bunaji farare da rahaji jajaye da bokoloji na Sakkwato, duk masu tozo ne. Da yawa daga cikin shanun da ke jikin waɗannan duwatsu kuwa ba su da tozo, ga su da dogayen ƙahoni. Masana tarihin dabbobi sun tabbatar da cewa shanu marasa tozo su ne suka fara zama a Afirka ta Yamma, masu tozon daga baya suka shigo suka mamaye. Ragowar marasa tozon sai ka je kudu ka ga muturu, ko ka je Tafkin Chadi ka ga shanun kuri masu kumburarrun ƙahoni. Ke nan wanda ya tsaya gaban wannan zane yana kallon shaidar wani zamani ne da makiyayan wannan yanki suke kora wani irin garke daban da wanda muka sani. Mutanen sun tafi, shanun sun tafi, harshen da suke kiran shanun da shi ma ya tafi, ga ɗan abin da hannunsu ya bari. Wallahi ban san wa'azin da ya fi wannan ratsa zuciyar mai hankali a kan ƙarewar duniya ba.

A wurin kuma akwai duwatsu masu amo, waɗanda idan aka buga su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar kuge. Fagg ya wallafa bayani a kansu a 1956, kuma ramukan da ke jikinsu sun nuna an daɗe ana bugunsu. Ɗalibin kimiyyar lissafi da sauti yana da abin tambaya a nan: me ya sa wannan dutse yake amsawa, na kusa da shi kuma ya yi gum?

Wataƙila wani ɗan uwa ya ce, ya halatta Musulmi ya je kallon zanen dabbobi? Abin da aka hana shi ne girmama irin waɗannan abubuwa, ko neman albarka a wurinsu, ko ƙudurta cewa suna amfanarwa ko cutarwa. Amma dubawa domin ilmi da ɗaukar darasi yana cikin lura da gurabun mutanen farko da aka kwaɗaitar da mu a kai. Sai dai akwai amana: kada a taɓa zanen da hannu, kada a watsa masa ruwa wai don ya fito a hoto, kada kuma a ɗauki gawayi ko alli a rubuta suna a gefensa. Abin da ya jure rana da iska na ɗaruruwan shekaru, yatsun 'yan yawon buɗe ido suna iya shafe shi cikin 'yan shekaru.

Duwatsun su kansu

Ko da babu zane a jikinsu, duwatsun wannan yanki abin zuwa gani ne. Wanda ya taso daga Kano zai lura cewa ƙasa shimfiɗe take, sai ya kusato Dutse ya ga duwatsu sun taso kwatsam, an ɗora wani a kan wani kamar da hannu aka jera. Masana ilmin ƙasa sun bayyana cewa duwatsun Dutse da na Birnin Kudu da na Fagam a ƙaramar hukumar Gwaram da na Shira a jihar Bauchi duk dangi ɗaya ne. Narkakken dutse ne da ya taso daga cikin ƙasa ya daskare, kuma jerinsu ya faro tun daga duwatsun Azbin a Nijar, ya ratso ta nan, ya bi ta Jos ya gangara kudu. Wani abin mamaki shi ne na arewa sun girmi na kudu, kuma an ƙiyasta shekarun na Dutse sun haura miliyan 200. Daga wannan dangin duwatsu ne aka riƙa haƙar kuza a Jos. A Suratu Faɗir an ja hankalinmu ga launukan da ke jikin duwatsu, farare da jajaye da baƙaƙe, kuma a aya ta gaba aka ambaci malamai da tsoron Allah. Ɗalibin da ya hau ɗaya daga cikin waɗannan duwatsu da hantsi, ya dubi gonaki da tsangayar bishiyoyi har iyakar ganinsa, zai sauko da fahimtar da allon aji ba zai ba shi ba.

Garu da gonakin dabino

Wanda aljihunsa bai kai kuɗin motar Birnin Kudu ba, to bai da uzuri, domin a cikin Dutse ma akwai abin gani. Jami'ar Tarayya ta Dutse an kafa ta ne a 2011, garin kuma ya zama babban birnin jiha a 1991, lokacin da aka cire Jigawa daga tsohuwar jihar Kano. Wannan ya sa baƙo yakan zaci garin sabo ne. Amma tsohon garin yana nan a Garu, a tsakiyar duwatsu, inda fadar Sarki take. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci cewa Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, ya auri 'yar Sarkin Dutse. Ka ga ke nan sarautar garin ta haura shekara 500 da ɗoriya. A je a ga yadda mutanen da suka zaɓi wurin zama inda dutse zai zame musu ganuwa, a gaida dattawan unguwa, a tambaye su sunayen ƙofofi da unguwanni da asalinsu. Dattijo ɗaya da ya sake jiki da kai zai ba ka abin da ba ya cikin kowane kundin digiri.

Haka nan Dutse ta yi suna da dabino, har ma akwai reshen cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa da aka keɓe domin binciken dabino a garin. Da yawa daga cikinmu muna buɗa baki da dabino a watan azumi, amma ba mu san cewa bishiyarsa akwai namiji akwai mace ba, kuma idan ana son ta yi 'ya'ya sosai sai manomi ya hau ya ɗauko furen namijin ya sa a na macen. Wannan aiki shi ne wanda hadisin da Imam Muslim ya ruwaito ya yi magana a kansa, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar wa manoman Madina sanin sana'arsu. Mun karanta hadisin a aji, to ga aikin nan ana yi a bayan makarantarku.

Ranar kasuwa

Ɗalibin tattalin arziki ko na aikin gona da bai taɓa yini a kasuwar ƙauye ba, karatunsa da saura. Kasuwar Shuwarin tana nan dab da Dutse, ta Sara kuma tana ƙasar Gwaram, kowacce da ranar da take ci a mako. A shiga da safe, a tsaya a kara a ga yadda dillali yake haɗa mai saye da mai sayarwa, da yadda ake la'ada, a wuce wajen 'yan hatsi a ga yadda farashin kwano yake sauyawa tsakanin hantsi da la'asar. A tambayi inda buhunan riɗi da na zoɓo suke tafiya. Jigawa tana cikin jihohin da suka fi noma su, kuma ƙasar Meziko tana cikin manyan masu sayen zoɓon Nijeriya. Wato furen da wata baiwar Allah ta ɓare a tsakar gidanta a ƙauyenmu, yana iya ƙarewa a kofin wani mutum a can nahiyar Amurka. Tambayar da nake so ɗalibi ya koma da ita ɗakinsa ita ce, nawa ne ya shiga hannun ita wannan baiwar Allah daga cikin kuɗin, kuma su wa suka raba sauran a hanya? Wanda ya karanta babin ciniki a fiƙihu shi ma zai ga mas'alolinsa suna tafiya da ƙafafunsu, daga tauye mudu har zuwa tarar kaya a hanya kafin su iso kasuwa.

Ƙauyen abokinka

Akwai wata ziyara da ba ta cikin lissafin masu yawon buɗe ido, amma a ganina tana gaba da saura wajen amfani. A kowane aji akwai ɗan ƙauye da gidansu bai fi tafiyar awa ɗaya ko biyu ba. Ku ce masa Asabar mai zuwa gidanku za mu yini. Jami'ar tarayya ta tara 'yan Legas da 'yan Binuwai da 'yan Barno, wasunsu har su gama ba su taɓa shiga zauren Bahaushe ko rugar Bafulatani ba, sai abin da suka ji a bakin mutane. Idan lokacin kaka ne, ku taya mahaifinsa ɗaurin dawa ko roron wake na awa biyu, ku sha fura, ku zauna da liman. Ku kuma lura da abin da garin ya rasa: ina suke ɗebo ruwa, ina asibiti mafi kusa, yara nawa ne a aji ɗaya. Mu nan Kwandiko da sauran garuruwan ƙasar Gwaram ba ma ƙin baƙo, kuma ɗalibin da ya zo ya gani da idonsa, ina kyautata zaton ba zai manta ba ranar da Allah Ya ɗora shi a kan kujera. Wanda ya je Birnin Kudu kuma yana iya ware awa guda ya shiga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke garin, bayan neman izinin ma'aikata, ya duba marasa lafiya, ko ya ba da jini idan yana da hali.

Ga masu ƙarfin tafiya mai nisa, da kuma ɗaliban Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa waɗanda ya fi kusa da su, akwai Haɗejiya, garin da ya yi yaƙi da Turawa a 1906 har Sarki Muhammadu ya yi shahada. Gaba da ita akwai dausayin Baturiya a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, wanda aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2008, inda tsuntsaye suke zuwa tun daga Turai su yi hunturu. Wannan tafiya tana son sammako sosai.

Shiri da ladubban hanya

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen damina zuwa ƙarshen sanyi. A bazara dutse yana ɗaukar zafi tun kafin azahar, da damina kuwa yana santsi, ga macizai a cikin ciyawa. Kada mutum ya tafi shi kaɗai. Ku haɗu kamar biyar zuwa goma, ku yi karo-karo, kuma ku naɗa ɗaya ya zama shugaban tafiya kamar yadda sunna ta koyar, domin tafiyar da kowa shugaba ne a cikinta ba ta ƙarewa lafiya. A sanar da wani a makaranta inda aka nufa da lokacin dawowa. A hau mota a tasha, a guji tsayar da ta bakin hanya. 'Yan uwa mata su shirya tasu tafiyar da sanin iyaye ko waliyyai, ko a ƙarƙashin sashensu ko ƙungiyar ɗalibai Musulmi tare da malama, a kuma kiyaye cakuɗuwar da za ta mai da neman ilmi wani abu daban.

Idan an isa gari, a fara da gaida mai unguwa ko dagaci, a faɗi abin da ya kawo ku. Kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa, ballantana matan aure. Kada a ratsa gonar mutane, kada a tsinki abin da ba a ba ku ba, kuma ledar da kuka zo da ita ku koma da ita. A riƙe ruwa isasshe na sha da na alwala, a tsara tafiyar yadda azahar da la'asar za su same ku kusa da masallaci. Game da ƙasaru kuwa, a mazhabar Malikiyya sai tafiya ta kai mil 48 a zuwa kaɗai, wato wajen kilomita 80, saboda haka mai zuwa Birnin Kudu daga Dutse zai cika sallarsa ne, mai zuwa Haɗejiya kuma ya kai nisan ƙasaru.

Abu biyu nake roƙonku da girman Allah. Na farko, kada wanda ya shiga kududdufi ko kogi ko madatsar ruwa irin ta Warwade da sunan wanka, ko da ya iya iyo, domin kusan kowace damina sai an yi jana'izar matasa a jihar nan ta wannan hanya. Na biyu, idan kun tarar da motar mai ta faɗi a hanya, ku yi nesa da ita, ku kuma hana wanda kuke iya hanawa. Ba mu manta da abin da ya faru a Majiya cikin watan Oktoba na 2024 ba, inda fiye da mutum 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Kammalawa

A ƙarshe, ina ba kowane ɗalibi shawara ya tafi da ɗan littafi da alƙalami, bayan waya. Hoto yana kama siffar abu, amma sunan dattijon da ya yi maka bayani, da abin da ya ce, da tambayar da ta taso maka, sai rubutu ne yake riƙe su. Idan kun dawo, ku zauna bayan sallar isha'i kowa ya faɗi abu ɗaya da ya koya. Wanda ya yi haka sau biyu a kowane zango, kafin ya gama digiri ya ziyarci wurare 16, kuma zai fita da takardar shaida tare da sanin mutanen da zai yi wa aiki da ita. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Allah Ya ba ku ilmi mai amfani, Ya tsare ku a tafiyarku da zamanku, Ya mai da ku ga iyayenku lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne.